Bencin Baya

Ni Bayarabiya ce, haifaffiyar Mokola. A Sabo na fara jin Hausa, a bakin masu tsire da 'yan canji, tun ban san ana karanta ta a jami'a ba. Shi ya sa da dogon hutun watan Agusta ya zo, na karɓi koyar da yara lesin a unguwar, don in gyara bakina.

Akwai wani yaro ɗan shekara 9 da kullum yake zama shi kaɗai a bencin baya. A mako na biyu sai ya yanke jiki ya faɗi, yana karkarwa, kumfa tana fita daga bakinsa. Yara suka watse. Ni ma, Allah ya gani, na ja da baya, domin a gidanmu an ce duk wanda yawun mai "warapa" ya taɓa, ya kamu. A ranar na koyi kalmar farfaɗiya.

Yayarsa ce ta shigo da gudu, ta juya shi ya kwanta a gefe ɗaya, ta sa masa ɗankwalinta a ƙarƙashin kai, ta hana a cusa masa cokali a baki. Ta ce, "Malama, ba a ɗauka. Likita a UCH ya ce daga ƙwaƙwalwa yake, ba iska ba ne. Maganinsa ne ya ƙare." Kunya ta kama ni.

Daga baya na karanta cewa, a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, kimanin mutum miliyan 50 ne ke da farfaɗiya, kuma 7 cikin 10 za su iya daina faɗuwa in sun samu magani. A Amurka har sansanonin hutu ake yi wa yara marasa lafiya, irin wanda ɗan fim Paul Newman ya kafa a 1988, inda suke iyo da hawan doki, likitoci na kusa. Mu ba mu da tafki, ba mu da doki. Benci muke da shi.

Washegari na dawo da shi gaba. Iyaye biyu suka janye 'ya'yansu, mai makaranta kuma ya ce, "Malama, ki mayar da shi inda yake, kada a tsiyata mu." Na ce to, amma ban mayar ba.

Ranar da aka rufe lesin, shi ya tsare gida a wasan ƙwallo. An ci shi uku. Yayarsa tana bakin fili, da ɗankwali a hannu.