Tahiya sannu sannu daga Madawa zuwa Keita

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, mai gudu bisa hanya ba ya ganin komi. Ni da abokina mun tashi daga Madawa, ba mu gaggawa. Kusa ga Buza munka sabka, munka shiga kwarin Majiya da ƙahwa. Layukan dogon yaro da anka hwara dasawa a 1975 suna tare ma hatsi iska.

A Keita munka hau dutsi. Can munka iske duwatsun da mata sunka jera zamanin aikin raya karkara da anka soma a 1984. Bayan kowane jeri laka ta kwanta, haki ya tsiro. Amma inda jeri ya ɓalle, ruwa ya hwara cin gona.

Duk mai irin wannan ɓaraka a gonatai, shi maida duwatsun kahin damana.