Canjin da ba ya komawa naira

'Yan uwa ɗalibai, musamman mu 'yan Arewa da karatu ya jefo mu Ibadan. Rubutun zai ɗan yi tsawo, wanda datarsa ke numfashin ƙarshe ya bari sai dare.

Abu biyu ne ke kawo mutanen garin nan Sabo daga ko'ina: tsire da canji. Mu ɗalibai muna da na uku, wato mu ji Hausa a kunnenmu bayan mun shafe mako muna lallaɓa Yarabanci. Ranar Juma'a mu cika Micra daga bakin get, mu sauka Mokola, mu taka zuwa masallaci, bayan an idar kowa ya nemi inda zai ci masa ko ya sha fura. Ni ina da kawu cikin 'yan canji, don haka bencinsa ne masaukina. A bencin nan na fahimci cewa kowane kuɗi farashi biyu gare shi, na saye da na sayarwa. Ka kawo naira a ba ka dala, gobe ka dawo da dalar a ba ka naira. Ɗan canji zai ci ribarsa a tsakani, wani lokaci har ka ji zafi, amma dai ƙofar biyu ce, ta shiga da ta fita.

To akwai wani canjin da muke yi a hostal, cikin dare, a kan katifa, wanda ƙofarsa ɗaya ce tal. Naira ta zama dayamon a Free Fire, ta zama UC a PUBG, ta zama CP a Call of Duty, ta zama kwandalar zinare a eFootball. Daga nan kuma shi ke nan, ba ta dawowa. Na taɓa yi wa kawuna bayanin abin, ya saurara har na gama, sai ya ce, "To in ka gaji da dayamon ɗin, nawa suke saye?" Na ce ba sa saye, dokarsu ma ta hana ka sayar wa wani. Ya kalle ni kawai, ya ci gaba da ƙirga.

Ba wai ina ƙin gem ba ne, ku da kuka san ni kun san ina bugawa. Mu da muka taso da gidan gem mun san yadda abin yake a da: a zauna gaban talabijin, a ɗauki PES, wanda aka ci shi ke biya. Kuɗin wasa sananne ne, in aljihunka ya ƙare ka tashi ka ba wani kujera. Ɗan mai kuɗi da ɗan talaka Barcelona ɗaya suke ɗauka, Messi ɗaya ne a hannun kowa. A 2021 Konami ya canja wa PES suna zuwa eFootball, ya ce kyauta ne. Muka yi murna. Ashe shiga kasuwar ce kyauta.

Ku lura da yadda aka gina ta. Ba za a taɓa rubuta maka cewa rigar nan naira kaza ce ba, sai dai a ce dayamon kaza, saboda naira tana da nauyi a zuciya, ka san kwanon shinkafa nawa za ta saya, dayamon kuwa hoto ne mai ƙyalli. Sannan ƙunshin da ake sayarwa da wuya ya yi daidai da abin da kake so. Ko ya gaza kaɗan ka ƙara saye, ko ya bar maka ragowar da ba ta isa komai ba, tana zaune a kusurwar allo tana kiranka. Ga agogo yana ƙirgawa, saura kwana biyu, saura awa shida. Ga abokai a fili, kai kaɗai ne da rigar da aka ba ka ranar da ka buɗe akawun, ana maka dariya ana kiranka sabon shiga. Wallahi wannan dariyar ta fi agogon cin kuɗi.

Kuma asalin farashin duk da dala aka yanka shi. Kafin Yunin 2023 dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Dayamon ɗin bai ƙara ƙyalli ba, kuɗin da ake turo mana daga gida bai ninka uku ba. A farkon 2025 kuma aka amince wa kamfanonin waya su ƙara kashi 50 cikin ɗari a kan kira da data, ga shi waɗannan wasannin ba sa motsi sai da data.

Inda abin ya fi damuna shi ne akwatin sa'a. Ka biya, a juya, ko ka samu ɗan wasan da kake nema ko ka samu tarkace. Mu yi wa juna adalci: da yawanmu ko da wasa ba za mu leƙa shagon Bet9ja ba, mun san hukuncin caca tun muna Islamiyya. Amma mutum ɗaya zai juya akwati sau goma a dare yana cewa na gaba ne zai fito. Ni ba malami ba ne, fatawa ba aikina ba ce, amma bugun zuciyar da ake ji kafin akwatin ya buɗe, ku tambayi mai buga caca ko ya bambanta da nasa. Mai caca ma wataran yakan ci kuɗin da zai kashe a kasuwa. Ƙasar Beljiyam tun 2018 hukumarta ta ce irin wannan akwatin da ake saye da kuɗi caca ne. A Amurka, cikin Disambar 2022, kamfanin Epic mai Fortnite ya amince zai biya dala miliyan 245 saboda zargin tsara maɓallai yadda mutane, har da yara, ke sayen abu ba da niyya ba. Shi kuwa EA, a shekarar kuɗinsa ta 2021 kaɗai, ya samu kusan dala biliyan 1.6 daga sashen Ultimate Team. Kuma a wasan ƙwallonsu, in sabon na shekara ya fito, katunan da ka tara a na bara ba sa bin ka, daga farko za ka fara.

Akwai wani ɗan ɗakinmu, yaro mai ƙoƙari, daga gida ba wani ƙarfi. Yana cikin masu karɓar naira 20,000 ta NELFUND duk wata, bashi ne fa, za a biya bayan hidimar ƙasa. Semestar da ta wuce alat ya shigo ranar Litinin, kafin Alhamis fiye da rabi ya tafi neman kati ɗaya a wani wasa. Bai samu ba. Sauran watan gari da sukari ya sha, kunya ta hana shi faɗa, sai da muka lura ba ya ɗora tukunya muka fara ja shi cikin tamu. Abin da ya fi ba ni tausayi, ko a lokacin ba yunwar yake magana a kai ba, lissafi yake cewa da ya ƙara juyi biyu da ya fito.

Bayan haka sai ga wani a WhatsApp mai cewa yana loda wa mutane a araha. Irin waɗannan sun yi yawa ne tun 2022, lokacin da bankuna suka rage, daga baya da yawansu suka tsayar da sayayyar waje da katin naira, ɗalibi ya rasa hanyar biya da kansa. Akwai na kirki a cikinsu. Wannan dai ya ce a turo imel da lambar sirri zai shiga ya saka. Ya shiga, ya canja komai, ya toshe lambar yaron. Akawun na shekara uku.

Nan ma Sabo ce ta faɗo min. Tun da aka kafa unguwar a 1916, cinikin goro da shanu tsakanin Kudu da Arewa a kan bashi da amana ya tsaya, har wani Bature mai suna Abner Cohen ya rubuta littafi a kai a 1969. Baƙo ya kawo shanunsa daga Arewa, ya sauka wurin maigida, a sayar wa mahauci bashi, maigidan ne ke tsayawa. In an ci amana akwai ƙofar da za a buga, akwai Sarkin Hausawa, akwai sunan da zai ɓaci a masallaci. Jikokin waɗannan mutanen ne yau ke miƙa makullin akawun ga hoton furofayil ɗin da ba su san ko a wace jiha yake ba.

Na san za a ce masu yin gem su ma sai sun ci abinci. Gaskiya ne, kuma wanda ya sayi riga don kwalliya, ya san farashinta, ya biya daga rarar kuɗinsa, ba ruwana da shi, wasu ma a shadda suke kashe nasu. Rigimata da wasan da in ba ka biya ba ɗan bayanka ba ya iya kamo ɗan gaban wani, sannan a sayar maka da maganin a cikin akwatin da ba ka ganin cikinsa. Yanzu har ƙananan yara a lungunan Sabo, waɗanda ba su gama firamare ba, za ka ji suna roƙon yayyensu a saka musu dayamon kamar yadda muke roƙon kuɗin alawa.

A blok ɗinmu dai mun yanke shawara: bayan jarrabawa za mu yi gasa da ƙungiyoyi yadda suke, ba katin saye, ba ɗan wasan akwati, wanda aka fara cirewa shi zai sayi shayi da burodi a Sabo. Ɗan ɗakin namu ya buɗe sabon akawun, babu ko kwandala ɗaya a ciki, kuma jiya ya ci ni uku da nema. Mai ganin ya iya ya zo da wayarsa da cajarsa, soket ɗaya ne ke aiki a ɗakin.