Gardamar da Ta Haifi Ranar Ɗaya ga Oktoba

Mu da muka yi firamare a Kano jim kaɗan bayan tafiyar Turawa, abin da muka sani game da 'yancin kai bai wuce maci ba. A wanke mana yunifom, a sa masa bula, mu jeru cikin rana da 'yar tutarmu. A aji kuwa layi ɗaya aka sa mu hadda: a 1960 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya karɓi takardun 'yanci daga hannun Gimbiya Alexandra a filin sukuwa na Ikko. Sai ka ɗauka Turawa ne suka wayi gari sun gaji, suka miƙa makulli.

Sauran labarin a zauren gidanmu na ji shi. Mahaifina ɗan Jam'iyyar Mutanen Arewa ne, ƙanensa kuwa, tela a Fagge, ɗan NEPU ne na a-mutu. In an ci tuwon dare aka ɗauko zancen 1953, sai an aiko daga cikin gida a ce su rage murya.

Ranar 31 ga Maris na shekarar ce Anthony Enahoro, ɗan shekara 29, na jam'iyyar AG ta Awolowo, ya gabatar da ƙudiri a Majalisar Wakilai cewa Najeriya ta sami mulkin kai a 1956. Sardauna Ahmadu Bello ya nemi a cire shekarar, a ce sai lokacin da hali ya yi. 'Yan AG da NCNC suka fice daga zauren. Da wakilan Arewa suka fito, jama'ar Ikko suka bi su da ihu ana ce musu 'yan koren Bature, kuma ihun bai bar su ba har a tashoshin jirgin ƙasa kan hanyarsu ta komawa gida. Wannan wulaƙanci ya fi ƙudirin kansa ci wa mahaifina rai. A watan Mayu Akintola ya ɗauko tawagar AG zuwa Kano don tallar neman mulkin kai a 1956, rikici ya ɓarke tsakanin Fagge da Sabon Gari, aka kwana huɗu ana yi, mutum fiye da 30 suka mutu.

"Yaya, ku dai faɗi gaskiya," in ji Baffana, "sarakuna ne ba sa son Bature ya tafi, don kada talaka ya ɗaga kai."

"Kai dai yi ɗinkinka. In ya tafi a 56, wa zai hau kujerar Di'o? Likita nawa gare mu? Injiniya nawa?"

Ina yaro bayan Baffa nake bi, don ya fi iya magana, kuma shi ke ɗinka mini kayan Sallah. Yanzu ina ganin lissafin mahaifina ya fi ƙarfi: Arewa ba ta da ma'aikatan da za su cike ofisoshi, wanda kuwa bai shirya ba, ko an raba gado da shi kallo zai yi. Sai dai tambayar Baffa ma ba a taɓa amsa ta ba, wato wa ya hana 'ya'yan talakawa karatun tun farko.

Daga rigimar 1953 ɗin komai ya fito. Majalisun Arewa da ke Kaduna suka fitar da sharuɗɗa takwas waɗanda kaɗan ya rage su zama raba ƙasa. Sakataren mulkin mallaka, Oliver Lyttelton, ya kira taro a Landan, aka yi tsarin mulkin 1954 wanda ya ba kowace jiha ikon kanta. Gabas da Yamma suka karɓi mulkin kai a 1957. Arewa ta jira sai 15 ga Maris 1959, ranar da ta yi daidai da wadda Turawa suka ci Sakkwato a 1903.

Abin ban sha'awa, ƙudirin ƙarshe na neman 'yanci, a Janairun 1960, ɗan Arewa ne ya gabatar da shi, Firayim Minista Tafawa Ɓalewa. Majalisar Ingila ta mayar da shi doka a watan Yuli, shekara huɗu bayan wa'adin da Enahoro ya nema.