Malamin Cikin Littafi da Malamin Ƙofar Gida

Yau a kan littafin Ruwan Bagaja zan yi muku magana, wanda Alhaji Abubakar Imam ya rubuta a 1933 yana koyarwa a Midil ta Katsina, aka buga shi a 1934. Galibinmu don dariya muka karanta shi. To, akwai wuri guda da nake so ku koma ku sake dubawa.

Kun tuna inda Alhaji Imam na cikin labarin ya sauka wani gari ya mai da kansa babban malami, alhali kuwa ba shi da karatun kirki? Malam Zurƙe ya zo zai tona masa asiri. Alhaji ya yi zane a ƙasa ya ce a karanta. Zurƙe ya yi ta kiran sunayen haruffa, shi kuwa Alhaji ya ce ai jinjirin wata ne. Mutanen gari suka duba suka ga lalle ya yi kama da wata, suka fatattaki Zurƙe. Ku lura, mai karatun ne ya sha kashi, don alƙalan gardamar ba su san baƙi ba.

Waɗansu na cewa littafin ya yi wa malamai ba'a. Ni ban ga haka ba. Imam ɗan gidan malamai ne, ya san na gaske, shi ya sa ya iya zana na ƙarya. In kuna son ganin na gasken a littafi, ga Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga wannan gasa. An sace Umar yana ƙarami, uwarsa ta faɗa bauta garin nemansa, amma ba inda ya ce da kowa a kawo baƙin rago.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne, bara wani baƙo ya shigo unguwarmu da rawani da dogon carbi. Ɗan maƙwabciyata na fama da zazzaɓi. Ko taɓa jikin yaron bai yi ba ya ce sammu ne, kuma hannun na cikin gida. Kowa ya san wadda yake nufi, kishiya ke nan. Baiwar Allah ta sayar da akuyarta ta biya, ya ba ta laya ya ce kada a buɗe har abada. Kwana uku jiki na ƙara zafi, sa'an nan maigida ya kai yaron asibiti a Daura, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne. Alhamdu lillahi ya tashi.

'Yar kishiyar, yarinya mai zuwa makarantar allo da ta boko, ita ta warware layar a tsakar gida. Ba aya, ba addu'a, ko bisimilla babu, sai layuka a karkace da ɗige-ɗige. Baƙon kuwa tuni ya yi gaba. Akuya ta tafi, kuma har yau uwar yaron ba ta cin tuwon kishiyarta ranar girkinta.