Daga Gazawa zuwa kasuwar Maraɗi: abin da muka gano a layin gwanjo da rumfar dillalai

Bayan kaka, da aka gama ɗaurin hatsi, aka fidda aya da gyaɗa, mata da yawa sun zo neman rance don su shiga sana'ar gwanjo. Kafin a buɗe akwati a ba da kuɗin jama'a, ƙungiyoyinmu suka ce gani ya kori ji. Aka tashi mu shida, shugabanni da masu ajiya, mu je Maraɗi mu gano yadda cinikin yake. Ga abin da muka gani.

Mun bar tashar Gazawa da asuba ranar Litinin, don Litinin da Juma'a ne kasuwar Maraɗi take ci sosai. Tafiyar wajen kilomita 100 ce bisa kwalta, a bi ta Agye, a bi ta Cadawa. Gonaki duk sun yi fari da kara, sai itatuwan gawo da suka fara fidda ganye, ga buhunan aya jibge bakin hanya suna jiran mota. Hantsi bai yi zafi ba muka sauka.

Mun fara da layin gwanjo, wanda wasu ke kira bosho. Kayan nan daga Turai da Amurka da Sin suke fitowa, a ɗaure cikin dila, kowace dila wajen kilo 45. Jirgin ruwa ke sauke su a Kwatano ko Lome, sannan manyan motoci su hauro da su. Tun 2023 da iyakar Benin ta rufe, kaya da yawa sai sun zagayo ta Lome da Burkina, kuma kun san duk nisan da kaya suka ƙara, mai saye ne ke biya. Ga kuma wani abu: dokar Najeriya ta hana shigo da gwanjo ƙasarta, shi ya sa ƴan kasuwar can suke neman shi ta wajenmu. Ke nan ba mu kaɗai ke zawarcin dila mai kyau ba.

Mun tsaya an yanka dila uku gabanmu. Ta farko kayan yara ce, mafi yawansu lafiya lau. Ta biyu, rabin abin da ke ciki manyan rigunan sanyi ne masu nauyi, irin na ƙasar ƙanƙara, waɗanda ko a tsakiyar hunturu ba mai sa su a Gazawa. Ta uku akwai yagaggu da masu tabo da yawa. Daga waje kuwa duk kamarsu ɗaya. Sayen dila a rufe sayen kifi a ruwa ne.

Mu yi lissafi tare. A ce mace ta ɗauki jikka 100 a asusu, da riba goma bisa ɗari kowane wata. Wata uku, jikka 130 za ta maida. In ta faɗa kan dila irin ta biyun nan, rabin kuɗin ya kwanta, ga ranar zubi ba ta jira. Ba ita kaɗai za ta ji ba, duk wadda ke layin rance bayanta sai ta ji. Abin da muka ga ƙananan ƴan kasuwa na yi shi ne zaɓe: su zo da sassafe lokacin buɗe dila, su tsinci guda-guda. Kowane guda ya fi tsada kaɗan, amma ido ya gani, hannu ya taɓa. A duba hammata da wuya da zik, a ɗaga riga wajen rana don a ga huji. A gida kuma a wanke, a shanya, a goge kafin a kai talla.

Daga nan muka ratsa wajen masu atamfa da shadda. Mun wuce da sauri, don kowa ta san wannan. Abu ɗaya dai: atamfar da muke kira Holan, kamfanin Vlisco ke yin ta a can ƙasar Holan, kuma kamfanin tun 1846 yake. Masu kwaikwayonta sun yi yawa, kuma ta gaske zanenta ya ratsa gaba da baya daidai. Araha ba ta ado.

Inda muka daɗe shi ne rumfar wani dattijo dillali mai tsofaffin kaya. Wallahi sai muka ga kamar an buɗe adakar kakanninmu. Ga zanen saƙi mai ɗigo-ɗigo kamar jikin zabo, ga gwado, ga luru, ga tsohuwar babbar riga mai aska takwas, ga tasoshin jere da faya-fayi da ƙorai masu zane. Muka ce, Baba, wa ke sayen waɗannan? Ya ce mana masu kai wa Yamai da Kano ne, daga can kuma wasu har ƙasashen waje suke kai su. Da muka ji kuɗin da yake sa wa zanen saƙi guda, muka dubi juna, don mun san a ƙauyukanmu irinsa ake musanyawa da bokitin roba, ko a shimfiɗa ana shanyar kuɓewa.

Dalilin tsadar, aiki ne. Auduga sai an gurje ta, an shiɓe, mace ta zauna da mazari da alli ta kaɗa zare. Masaƙi ya saƙa ƙwarya-ƙwarya, a haɗa su da allura, a kai marina a tsoma cikin baba sau da yawa har ya kama. Yau masu wannan aiki sun yi ƙaranci. Turkuɗi kuwa, wanda Buzaye ke naɗawa, a Kura kusa da Kano ake yin shi, a buga shi da shuni har ya yi ƙyalli. Marinar Ƙofar Mata ta Kano ma har yanzu tana aiki, baƙi na zuwa kallo.

Ga yadda za ki gane na hannu. Zarensa bai zama daidai ba, wani wuri kauri, wani wuri siriri. Ki juya bayan zanen, za ki ga ɗinkin da ya haɗa ƙwarya da ƙwarya. Yana da nauyi a hannu. In kina shakka, ki zare zare ɗaya daga gefe ki sa masa ashana: auduga toka take zama, mai roba kuwa narkewa yake ya dunƙule.

Kusa da rumfar muka ga wani tela matashi yana yanka gefen tsohon saƙi da ya mutu a tsakiya, yana sa shi a wuyan riga da bakin hannu, guntayen kuma ya yi jakar hannu. Ƴan mata na layi. Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasarmu: Alphadi, mai tsara tufafi ɗan Nijar, ya buɗe bikin FIMA a 1998 a Tigidit wajen Agadas, don duniya ta ga ɗinkin Afirka. Abin da ake tafa wa hannu a can, yana nan cikin akwatunanmu. Da tsohuwar zuma ake magani.

To ga shawarar da muka kawo, kowace ƙungiya ta duba a zamanta. Na ɗaya, kada a ba da rancen asusu don dila a rufe ga wadda ba ta taɓa sana'ar ba. Ta fara da zaɓe, da kuɗi kaɗan. Na biyu, mata uku ko huɗu su haɗa kuɗin mota su aiki mutum ɗaya. Na uku, kowa ta buɗe adakar gida. Mai kyau a wanke shi da ruwan sanyi, a shanya a inuwa, a adana wa ɗiya. In dole ta sa a sayar, kada a sallama wa mai yawo gida-gida a tayin farko; a kawo taro mu ji kuɗinsa tare. Wanda ya yage kuma a ba masu keken ɗinki na cikinmu su gwada jaka da wuyan riga.

Tsarin Mata Masu Dubara a nan jihar Maraɗi ya fara a 1991, da dala-dala aka tara har ya kai inda ya kai. Kuɗin da aka tara haka ba na caca ba ne. Taro mai zuwa, duk mai tsohon zane ta zo da shi, kuma ta gayyato tsohuwar da ta san sunansa. Allah shi sa albarka a neman kowa, amin.