Abin da Muka Koya a Ƙarƙashin Tsohuwar Fijo

Mu uku ne a ajinmu muke zuwa gareji koyon kanikanci ranar Asabar da lokacin hutu. Wasu a makarantar nan suna kiranmu 'yan baƙin mai, saboda farcenmu ba ya rabuwa da baƙi ko mun wanke da omo. Ba mu yi fushi ba. Mun dai ga ya kamata mu ba ku labarin wani aiki da muka sa hannu a ciki a hutun da ya wuce, sai ku yanke hukunci da kanku.

Motar da aka yi wa aikin Peugeot 504 ce, wadda kowa ke kira Fijo. A Faransa aka fara ƙera irinta a shekarar 1968. A 1975 aka buɗe kamfanin harhaɗa Fijo a Kakuri, nan Kaduna, kuma 504 na cikin motocin da suka fi fitowa daga can. Iyayenmu sun ce a da ita ce motar ma'aikatan gwamnati, ita ce kuma ta haya daga gari zuwa gari. Yanzu sai ka yi sati ba ka ga ko ɗaya a titi ba.

Mai wannan motar wani dattijo ne a unguwarmu, tsohon direba. A layinsu shi kaɗai ke da mota. Idan naƙuda ta kama mace da tsakar dare, ko zazzaɓi ya tsananta wa yaro, ƙofarsa ake bugawa, kuma ba ya karɓar ko kuɗin mai. Sai giyar motar ta fara ba shi wahala. Sandar giya tana lilo kamar muciya a tukunya, ka nemi lamba ɗaya ta ba ka lamba uku, ribas kuwa sai an yi ta fama. An gaya masa wai giyabos ne ya mutu, shi kuma ba shi da kuɗin wani. Har 'yan gwangwan sun fara zuwa suna taya motar.

Da aka turo ta garejinmu, Oga bai taɓa sifana ba tukuna. Ya sa aka ɗora ta a kan rami, aka kashe inji, aka sa duwatsu a tayoyi. Ya ce wa ɗayanmu ya zauna a kujerar direba ya taka kuloci ya riƙa motsa sandar, mu biyu kuma muka bi shi cikin rami da tocila. A nan ya nuna mana cewa sandar da direba ke riƙewa ba ita ke canza giya da kanta ba, saƙo kawai take aikawa. Akwai rodi biyu a ƙarƙashi. Ɗaya yana ɗaukar motsin hagu da dama, shi ke zaɓar layin giya. Ɗayan yana ɗaukar motsin gaba da baya, shi ke tura giyar ta shiga. A inda kowane rodi ya haɗu da wani ƙarfe akwai ɗan bushin na roba mai tauri wanda ke riƙe haɗin kam.

Da idonmu muka ga sanda tana motsi a sama amma rodin yana ta wasa a banza, kafin motsin ya isa giyabos rabinsa ya ɓace. Bushin biyu sun cinye, na uku babu shi ma, wani ya taɓa ɗaure wurin da waya. Oga ya kama hannun ƙarfen da ke jikin giyabos ya tura da kansa, muka ji giyoyin suna shiga ɗaya bayan ɗaya, ƙas, ƙas. Ya leƙo daga rami ya ce, "Baba, giyabos ɗinka lafiya lau yake. 'Yan aiken ne suka tsufa." Baba ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana," ya nemi benci ya zauna.

Kwancewa tana da ƙa'ida. Kafin a cire komai, Oga ya sa muka yi wa kowane rodi alama da fenti, don a san na zaɓe da na turawa, da kuma wane kai ke kallon gaba. Inda rodi ke da zare na daidaita tsawo, ya sa muka ƙirga zaren da ke waje muka rubuta a kwali. A cikin mota aka cire kan sandar da robar da ke hana ƙura shiga, aka kwance notuna, sandar ta fito. Kowane noti da washa muka jera su a faranti yadda suka fito. Mu muka wanke su da kananzir da tsohon buroshin haƙori, sai da muka zubar da kananzir sau uku kafin ƙarfen ya nuna fuskarsa.

Samun bushin ya fi komai cin lokaci. Kwana biyu Oga yana zuwa Panteka. Ya samo biyu a jikin wata 504 da aka farfasa, na ukun kuma ya kai tsohon a matsayin samfur aka fafe masa sabo.

Ranar mayarwa ya ce mu buɗe kunne. Dole giyabos ya kasance a firi, sandar ma ta tsaya a tsakiya, sannan a haɗa rodi. Idan tsawon rodi ya kauce ko da kaɗan ne, wata giyar za ta shiga rabi, kuma giyar da ta shiga rabi tana iya fita da kanta ana cikin tafiya. Muka shafa giris a kowane haɗi, muka mayar da zaren daidai lissafin kwalinmu, Oga ya bi kowane noti ya ƙara ɗaurewa. An fara gwadawa inji a kashe, ɗaya zuwa huɗu da ribas, sannan aka tayar da inji aka sake. Baba ya zagaya layi ya dawo yana dariya, ya ce rabon da giyar ta ji maganarsa haka har ya manta. Sati biyu bayan nan, motar ce ta kai wata maƙwabciyarsu asibiti da asuba, ta haifi 'ya mace.

Mun lura da cewa abin da malamin kimiyya da fasaha ya koya mana a kan liba, wato yadda doguwar sanda ke sauƙaƙa tura abu mai nauyi, shi ne muka gani a sandar giya. Ƙirga zare da rubutawa kuwa lissafi ne. Shi ya sa Oga ba ya barin kowa ya zo gareji ranar makaranta, kuma yana duba sakamakonmu kowane zango.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Muna roƙon hukumar makaranta, idan da hali, ta samo mana tsohon giyabos a ajiye a ɗakin gwaji, domin kowa ya gani ya taɓa, maza da mata. Mu ukun mun yi alkawarin wanke shi tas kafin a shigo da shi.