Hoton da na sauko wa Baba da shi daga Dutsen Olumo

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da mahaifina, iyakar tafiyarsa daga ɗaki zuwa ƙofar gidanmu ce a unguwar Sabo da ke Abeokuta. Ranar da ya ji zan kai yara Dutsen Olumo, sai ya ce, "Ka ɗauko mini garin daga sama. Rabona da ganinsa haka tun ina da ƙafa."

Olumo shi ne tushen garin. A gindinsa mutanen Egba suka samu mafaka daga yaƙi wajen shekarar 1830, sunan Abeokuta ma da Yarbanci yana nufin ƙarƙashin dutse. Mun hau matakala muna hutawa muna shan ruwa, muka ratsa wani matsattsen lungu tsakanin duwatsu, sai ga gari shimfiɗe a gabanmu: rufin kwano mai tsatsa iya ganinka, ga babban masallaci, ga Kogin Ogun yana sheƙi.

Nan matsala ta taso. Na tsayar da yara a inuwar dutse, garin yana bayansu. In na saita haske a fuskokinsu, gari da sama su yi fari fat. In na saita a gari, yaran su zama baƙar inuwa. Alhali idona yana ganin duka biyun, domin ƙwayar ido tana buɗewa tana tsukewa daidai da hasken inda ka kalla, ƙwaƙwalwa kuma ta haɗa. Kyamara ba ta iya ɗaukar haske mai ƙarfi da duhu a ƙyaftawa ɗaya kamar haka.

Sai na gwada dabarar da ake kira HDR. Hoto uku ake ɗauka na wuri ɗaya: mai duhu don sama ta fito, matsakaici, da mai haske don abin da ke inuwa ya bayyana, sannan manhaja ta haɗe su. Yawancin wayoyin yanzu suna yin haka da kansu. Sharaɗin shi ne kada komai ya motsa. Autana ya juya kai, ya fito da kunne uku. Na jingina wayar a kan dutse, muka sake.

Da dare na zauna gyara. Daɗi ya ɗebe ni, na ƙara launi, na ƙara kaifi, har gajimare ya yi baƙi kamar hadari, wani farin zobe ya kewaye dutsen. Baba ya duba, ya miƙo mini wayar da hannunsa mai lafiya. "Wannan ba garinmu ba ne. Yaushe kwanon Abeokuta ya yi ja kamar manja?"

Na rage komai, na bar inuwa ta zama inuwa, tsatsa ta zama tsatsa. Wannan karon ya daɗe yana kallo. Ya nuna masallacin da ɗan yatsa, ya bi hanyar da yake ɗauko huhun goro, ya kira jikokinsa yana ba su labari. Mun yi makonni ba mu ji ya yi magana mai tsawo haka ba.

Mai jinya a gida ba magani kaɗai yake bukata ba, yana kewar waje. In za ku kai masa hoto, ku kai masa wurin yadda ya san shi.